Gonar Baba ta raba ni da yayana, ga Mama ta ce mu zo gida Kirsimeti

Autan Gida:
Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karanta abin da kuke rubutawa, ban taɓa sa baki ba. Yau dai abin ya fi ƙarfina. Shekara shida ke nan ba ma magana da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Wata huɗu bayan rasuwar Baba ya sayar da gonarmu ta fadama, wadda kakanmu ya sare da hannunsa, bai shawarci kowa ba. Ni ina Kaduna ina koyarwa, a tasha na ji labarin daga bakin wani ɗan garinmu. Da na je gida na tambaye shi, ya ce in ina da ja in tafi kotu. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta haɗa mu ba.

Ina cikin mawaƙa a majami'armu, amma shekara biyu ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba. Da an fara raba gurasa sai in fita kamar zan amsa waya. Yanzu Mama ta aiko, ta ce idonta ya fara dushewa, tana so ta ga mu biyu muna cin tuwo a kwano ɗaya Kirsimetin bana. Ni aka cuta, ni ne kuma zan fara zuwa? In na yafe, maganar gona ta mutu ke nan?

Maman Biyu:
Ɗana, ka tashi ka tafi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gona ƙasa ce, dukanmu a cikinta za a sa mu. Ni na san zafin uwa da 'ya'yanta ba sa ga maciji da juna, ko barci ba ta iya yi. Kada ka bari tsohuwar nan ta tafi da wannan a ranta. Yesu ya ce wa Bitrus a yafe bakwai sau saba'in, bai ce sai wanda ya zo ya durƙusa ba.

Ɗan Saminaka:
Mama, da girmamawa, wannan maganar ce take sa masu cin amana suna ƙara ƙarfi a cikin ikkilisiya. Kullum wanda aka zalunta ake bi da "yi haƙuri", wanda ya ci kuwa yana zaune a benci na gaba yana ba da baiko da kuɗin marayu. A Luka 17:3 an ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Ina tuban yake a nan? Zakka da ya sadu da Yesu bai tsaya ga kuka ba, cewa ya yi duk wanda ya zambata zai mayar masa riɓi huɗu. Kuma gonar gado ba abin wasa ba ce. Nabot ya gwammace ya ɓata da sarki Ahab da ya sayar da gādon kakanninsa.

Maman Biyu:
To in yayan bai tuba ba har abada fa? Yaron nan ya yi ta fita daga sujada har tsufansa?

Ɗan Saminaka:
Shi ya sa dattawa suke nan. A kira yayan, in ya ƙi a sa shi a horo.

Malamar Lahadi:
Ku dubi wani abu da ya daɗe yana ba ni mamaki. A Matiyu 5:23-24, in ka kawo baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka bar baikon ka je. A Matiyu 18:15 kuma, in ɗan'uwanka ne ya yi maka laifi, nan ma kai za ka je, ku biyu kaɗai. Ko kai ne mai laifi ko kai aka yi wa, ƙafarka ake nema. Amma Ɗan Saminaka bai yi kuskure duka ba, domin a sura 18 ba a ce ka je ka yi shiru ba, an ce ka je ka nuna masa laifinsa. Maganar dattawa da horo sai an wuce mataki biyu tukuna. Auta, ban da ranar da kuka yi faɗa, ka taɓa zama da shi ku biyu?

Autan Gida:
Ban taɓa ba, Malama. Ranar ma a tsakar gida muka yi, gaban matarsa da yara.

'Yar Zumunta:
Ni ina so in yi magana, don an taɓa ɗaure ni da ayoyin nan. Shekara tara ina shan duka a gidan aure. Duk lokacin da na gudu gida, sai a zo da Littafi a karanta mini Yusha'u, a ce dubi yadda Allah bai gaji da Isra'ila ba, ki koma. Na koma sau huɗu. A na ƙarshe kunnena na hagu ya daina ji, har yau. Na yafe wa mutumin nan, Allah shaida ne, ina yi masa addu'a da sunansa, yara suna zuwa gaishe shi. Amma ban koma ba, ba kuwa zan koma ba. Dawuda ya sami Saul a hannunsa sau biyu bai taɓa shi ba, har Saul ya yi kuka ya kira shi ɗansa, duk da haka Dawuda bai tattara kayansa ya koma fāda ba. Saboda haka Auta, kada kowa ya ce maka yafewa tana nufin ka ce abin da aka yi daidai ne.

Maman Biyu:
'Yata, Allah ya warkar da ke. Wannan kam ban da ta cewa. Mu mata manya mun sha tura yara inda bai kamata ba, da sunan rufin asiri. Amma nasa ba duka ba ne, ba wanda yake neman ransa.

'Yar Zumunta:
Haka ne Mama. Na faɗa ne don kada a haɗa komai a tukunya ɗaya.

Baba Fasto Mai Ritaya:
Salama 'ya'yana. Na karanta duka tun daga sama. 'Yata mai maganar Yusha'u, waɗanda suka karanta miki shi sun juya littafin. A can mai aminci ne yake bin wadda ta ci amana, ba a umarci wanda ake duka ya miƙa wuya ba. Ko da Yusha'u ya fanshi matar da azurfa 15 da sha'ir, bai ce komai ya koma yadda yake nan take ba, ya sa mata kwanaki masu yawa na zama tukuna.

Kalmar da muke rerawa a Zabura 136, inda kowace aya cikin 26 take ƙarewa da cewa ƙaunarsa madawwamiya ce, da Ibrananci "hesed" ake ce mata. Ba irin son da yake zuwa da daɗi ya tafi da ɓacin rai ba ne. Ta fi kusa da abin da mu Hausawa muke kira riƙon amana da cika alkawari: wanda ka ƙulla da shi ya saki nasa bakin igiyar, kai kana riƙe da naka. A Fitowa 34:6-7, inda Allah ya faɗa wa Musa halinsa da bakinsa, ya ce yana da yalwar wannan ƙauna, yana gafarta mugunta da laifi, a nan kuma ya ce ba ya kuɓutar da mai laifi haka kawai. Maman Biyu ta ɗauki rabin farko, Ɗan Saminaka ya ɗauki na biyu. A wurin Allah ba su taɓa rabuwa ba, a kan gicciye ma tare suka tsaya.

Auta, labarinka ya fi kama da na Yakubu da Isuwa, domin su ma gādo ne ya raba su. Shekara 20 Yakubu yana wurin Laban. Da zai dawo ya ji Isuwa yana tafe da mutum 400, sai ya yi addu'a ya ce bai cancanci ko kaɗan daga cikin hesed ɗin da Allah ya nuna masa ba. Ka lura, daga nan ya fara, daga abin da shi kansa ya karɓa. Sa'an nan ya tura awaki 220, tumaki 220, raƙuma masu shayarwa 30 da 'ya'yansu, shanu 50, jakuna 30. Ya rusuna har ƙasa sau bakwai. Isuwa kuwa, wanda aka cuta, shi ya sheƙo a guje ya rungume shi. Ya ce yana da isasshe, Yakubu ya matsa masa sai da ya karɓa. Bayan kukan da rungumar, Isuwa ya nufi Seyir, Yakubu ya nufi Sukkot. Ba su koma gida ɗaya ba. Amma da Ishaku ya rasu, su biyu suka binne shi.

Ɗan Saminaka:
Baba, ai kun ƙarfafa maganata. Mai laifin ne ya turo dabbobi. Ina awakin yayan Auta?

Baba Fasto Mai Ritaya:
Gaskiyarka ɗana, mayarwa tana cikin tuba. Amma Isuwa bai jira a gida sai an ƙirga masa awaki ba, yana kan hanya tun kafin su iso. Ina kuma da tambaya ga Auta, ba don in kāre yayansa ba. Me ya yi da kuɗin gonar?

Autan Gida:
Ban sani ba Baba. Ban tambaya ba.

Uwargidan Babban Wa:
Ku yi mini haƙuri in shigo, ba ni da dangantaka da su, amma ni matar ɗan fari ce, na san wannan rawar. Auta, Babanku ya yi jinya kafin ya rasu? Wa ya yi ta kai shi asibiti? Wa ya ciyar da mutanen da suka zo zaman makoki? Mu nan da surukina ya kwanta shekara biyu, ƙannen mijina na birni kowa ya turo dubu biyar, dubu goma, ya kira waya ya ce a gaishe da Baba. Mu muka sayar da shanun huɗa. Ranar jana'iza suka zo da motoci da atamfa iri ɗaya, suka tafi, suka bar mu da bashi. Ba na cewa haka naku yake. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ɗan Saminaka:
Ko da bashi ne, sai ya sayar da gādon mutane a ɓoye? Waya ba ta aiki?

Uwargidan Babban Wa:
Bai kyauta ba, ban ce ya kyauta ba. Amma akwai kunyar da take hana babban wa ya ce wa ƙaninsa "na kāsa". Wani ya gwammace a kira shi azzalumi da a kira shi matsiyaci.

Autan Gida:
Maganar nan ta taɓa ni. Baba ya yi wata goma sha huɗu yana fama da ciwon ƙoda. Sau uku na je. Lokacin ina haɗa kuɗin aurena, abin da nake turawa bai taka kara ya karya ba. Yaya ne ya yi ta jigila da shi zuwa Jos. Ban taɓa tambayarsa nawa aka kashe ba. Gaskiya tun da abin ya faru ban taɓa haɗa jinyar da gonar a raina ba, sai yanzu da nake karanta saƙon Uwargidan Babban Wa.

Amma duk da haka ciwon yana nan. A gonar nan Baba ya koya mini dashen albasa. Da ya faɗa mini, ko bashi ne da na ci.

Ɗan Michika:
Ɗan'uwa, ciwon zai daɗe, kada ka yi mamaki. Mu 'yan EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, mun ga abu a 2014. Michika ta faɗa hannun Boko Haram a watan Satumba, ƙarshen Oktoba suka shiga Mubi, har hedkwatarmu ta Kwarhi suka kama. Da muka dawo gida bayan watanni, abin da ya fi ƙona mini rai ba bangon da aka ƙona ba ne. Ƙofar ɗakina na gani a jikin gidan wani da muka yi wasan ƙasa tare, ɗan majami'armu. Shekara guda ina canza hanya don kada in bi ta ƙofar gidansa. Abin da ya riƙe ni Makoki 3:22-23 ne, da na gane wanda ya ce jinƙan Ubangiji sabo ne kowace safiya, a cikin kangon Urushalima yake zaune, ba a gidan biki ba. Ni kuma haka na riƙa yafewa, kowace safiya daga farko, domin ta jiya ba ta kai ni yau. Daga baya na je na ce masa na ga ƙofata. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ma an kwashe nasa. Ya ce zai cire, na ce ya bari. Muna gaisawa yanzu, yaranmu suna makaranta ɗaya. Amma in zan yi tafiya ba shi nake bar wa makulli ba, ba zan ɓoye muku ba.

Malamar Lahadi:
Wannan ya tuna mini da Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa na Kaduna. A rikicin 1992 Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa, kowanne yana ɗaya ɓangaren. Daga 1995 suka fara aiki tare na sasanta mutane. Hannun bai dawo ba, matattun ba su tashi ba. Idan waɗanda ba addininsu ɗaya ba suka iya zama a tabarma ɗaya, ina ga waɗanda suka sha nono ɗaya.

Ɗan Saminaka:
Na ji duka, kuma na sassauto a kan maganar horo tun da akwai jinya a ciki. Amma ina nan a kan bakana cewa kada a binne maganar gonar. Abin da aka rufe da tuwon Kirsimeti zai tashi ranar da Mama ta kwanta dama. 'Yan'uwan Yusufu shekara 17 suna cin arzikinsa a Masar, Yakubu yana mutuwa tsoro ya dawo musu sabo, suka aika suna roƙon gafara. A yi maganar a fili tun tsohuwa tana da rai, a kira kawu ko wani dattijon dangi, a rubuta abin da aka yarda.

Baba Fasto Mai Ritaya:
A nan ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Yusufu ma da ya yafe bai canza wa abin suna ba, ya ce musu mugunta kuka nufa. Sai dai Auta, ka kiyaye abu ɗaya. A Luka 12 wani ya ce wa Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi, Yesu ya ƙi zama alƙalinsu, ya ja kunnen jama'a a kan kwaɗayi. Ka binciki zuciyarka ko ɗan'uwanka kake so ya dawo ko fadama. In duka biyu ne ba laifi, amma ka san wanne ne gaba.

Kada ka jira ranar Kirsimeti, gida cike da baƙi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je kafin nan, ka same shi shi kaɗai. Ka fara da naka laifin, na wata goma sha huɗun nan, kada ka haɗa shi da "amma". In ka gama ka yi shiru. Nasa kuma ka faɗa masa a fili, ko ranar ko wata rana. Zai yiwu ya kore ka. Romawa 12:18 ta ce in mai yiwuwa ne, iyakar abin da yake wajenka, domin Bulus ya san ba kullum yake yiwuwa ba. Shi kansa sun rabu da Barnaba a kan Markus da zafi, sai can a 2 Timoti 4:11 muka ji yana cewa a kawo masa Markus yana da amfani a gare shi.

Game da Jibi kuma, ka je ka zauna da fastonka ka faɗa masa dalilin fitarka. Shekara biyu kana ɗauke da wannan kai kaɗai, bai kamata ba.

Maman Biyu:
Ka riƙe wa matar yayanka ko sabulu da turmin zane. Ita ta yi wankin Babanku lokacin jinya, na tabbata ba wanda ya ce mata sannu.

Autan Gida:
Na gode muku duka. Zan je ranar Asabar in Allah ya yarda. Ku sa ni a addu'a, gabana yana faɗuwa.

'Yar Zumunta:
Muna tare da kai. In ka ga abin zai zama faɗa, ka tashi ka tafi wurin Mama, wata rana ka sāke gwadawa.

Autan Gida:
Salama 'yan'uwa, na dawo jiya da dare. Na same shi a bakin rafi yana ban ruwa a wata 'yar gona da yake haya. Ya rame sosai, furfura ta cika masa kai, da kyar na gane shi daga nesa. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Na faɗi abin da Baba Fasto ya ce in faɗa, na ce na bar shi da jinya shi kaɗai, ya yafe mini. Ya daɗe bai ce komai ba, yana ta jan ruwa. Can ya ce mu je gida.

Ya shiga ɗaki ya fito da wani tsohon littafin makaranta. Duk kuɗin wankin ƙoda, da na mota, da na magani, da sunayen waɗanda ya ci bashinsu, ya rubuta da kwanan wata. Kuɗin gonar bai ma biya duka ba, sai bara ya gama da na ƙarshe. Na ce masa duk da haka da ya gaya mini, gonar ta mu duka ce, kuma maganar kotu da ya yi mini a gaban yara ta yi mini ciwo. Ya ce, "Kana shirin aure." Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce in yi haƙuri ba, ni ma ban matsa ba. Ba mu rungumi juna ba. Matarsa ta kawo kunu muka sha, da na ba ta zanen sai ta fashe da kuka ta shige ɗaki. Mama tana zaune a bakin ƙofa tana jin muryoyinmu, ba ta ce uffan ba, tana ta murza bakin zanenta.

Ban san ko na gama yafewa ba. A mota da nake dawowa fushin ya sāke taso mini, sai na tuna maganar Ɗan Michika.

Ɗan Michika:
Gobe da safe ka sāke. Haka ake yi.

Ɗan Saminaka:
Na ji daɗi ƙwarai, Allah ya ƙara haɗa kanku. Amma maganar kawu tana nan ko?

Autan Gida:
Tana nan, ya yarda mu zauna bayan sabuwar shekara. Akwai kuma wani abu. Wanda ya sayi gonar ya raba ta biyu, an ce yana neman mai sayen ɓangaren da yake kusa da rafi, inda mangwaron Baba yake.

Baba Fasto Mai Ritaya:
Ɗana, buɗe Littafin Firistoci 25:25 ka karanta. In ɗan'uwa ya talauce har ya sayar da gonarsa, danginsa mafi kusa shi ne zai zo ya fanshe ta. In za ka saya, kada ka yi a ɓoye kamar yadda aka yi maka. Ka gaya wa yayanka tukuna, ku je wurin mai gonar tare, a yi takarda gaban mai unguwa da shaidu.

Uwargidan Babban Wa:
Kuma ka bar shi ya yi cinikin, shi ya san farashin ƙasa a garin. In suka ga ɗan birni za su ninka maka.

Autan Gida:
To Mama. Na karɓi lambar Yaya wurin matarsa, don tsohuwar da nake da ita na goge tun tuni. Zan kira shi da yamma in ya dawo daga rafi. Akwai wanda ya san ko ƙungiyar adashen malamai tana ba da rance a biya cikin shekara biyu?